Darasin MIS ga 'yan MBA: ka shiga aji da littafin bashi kafin ka kunna majigi

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ƙaramin malami ne, bana aka ɗora mini darasin MIS, wato tsarin bayanai na gudanarwa, na 'yan MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci) masu zuwa Asabar da Lahadi. Yawancin ɗaliban sun girme ni, har da sa'annin mahaifina: ma'aikatan ƙananan hukumomi, manajojin reshen banki, masu injin shinkafa, da wani mai harkar riɗi. Daga wajen Ringim da Gumel da Kura da Wudil suke tahowa. Littafin da aka ba ni duk misalansa na Walmart ne da Amazon, manyan kamfanonin sayar da kaya na Amurka. Ina bayani suna latsa waya, har wani dattijo ya ce mini shi bai zo koyon kwamfuta ba, yana da yaron da yake yi masa. Malam, ta ina zan kamo su? Ko in bi littafin kawai, su haddace su ci jarrabawa?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Amin, Allah ya yi mana jagora. Da na karanta saƙonka sai da na yi dariya, kuma kaina nake yi wa. Maganar dattijon nan an taɓa faɗa mini irinta a shekarata ta biyu da fara wannan darasi, na kuwa koma gida da haushi. Sai da aka kwana biyu na gane mutumin ya fi ni gaskiya. Idan na fahimce ka, kana neman yadda za ka koyar da tsarin bayanai na gudanarwa ga mutanen da suka riga ka shiga kasuwa da ofis, waɗanda harkarsu tana karkara, littafinka kuma yana Amurka. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wadda ba ka fito da ita fili ba: shin darasin yana da wani amfani a wurinsu, ko dai sharaɗin karɓar takarda ne kawai?

Yana da amfani, amma sai ka fara ba dattijon gaskiyarsa. Ɗalibin MBA ba shi zai zauna ya rubuta manhaja ba. Shi ne wanda ɗan kwangila zai zo wa da ƙatuwar jaka da Turanci mai daɗi, ya sa masa hannu a takardar biya. Shi ne kuma wanda yaron nasa zai miƙa wa takarda ranar Litinin, ya duba lissafin da ke kanta ya yanke ko a sayi riɗi yanzu ko a jira, ko a ba wane bashi ko a hana shi. Abin da za ka koya masa ke nan: ya san abin da zai tambayi ɗan kwangilar, ya kuma san yaushe takardar yaron take yi masa ƙarya.

Fannin ma haka aka haife shi. A makarantar koyon kasuwanci ya tashi, ɗaya daga cikin cibiyoyinsa na farko ita ce wadda Gordon Davis da abokan aikinsa suka kafa a Jami'ar Minnesota a 1968, lokacin da kwamfuta guda take cin ɗaki. Tun daga nan tambayar manajoji ake yi a cikinsa. A 1987 masanin tattalin arzikin nan Robert Solow ya yi shaguɓen da har yau ake maimaitawa, cewa ana ganin zamanin kwamfuta a ko'ina amma ban da cikin alƙaluman ƙaruwar aiki. A 2003 kuma Nicholas Carr ya rubuta a mujallar kasuwanci ta Harvard cewa fasahar nan ta zama kamar lantarki da layin dogo, kowa yana da ita, don haka mallakarta kaɗai ba ta fifita kamfani a kan wani. Ina son kawo wannan a aji don dariyar da take jawowa. Da zarar ka ce "kamar lantarki, kowa yana da ita", wanda ya taho daga garin da taransifomarsa ta ƙone tun bara sai ya ɗaga hannu. Daga nan muhawara ta kama, kuma muhawarar ita ce darasin.

Littafin mai taki

Ranar farko ba na kunna majigi. Hotunan wani littafi nake rabawa, irin mai bangon kwali da ake saya a kanti. Na wani mai sayar da taki da maganin feshi ne a wani ƙauye gefen Bunkure, ya ara mini bayan ya cika ya buɗe sabo, na rufe sunayen mutane kafin na ɗauki hoton. Bakin shafukan duk ya yi baƙi saboda yatsa, akwai tabon shayi a tsakiyar watan Yuni. Rabin rubutun boko, rabi ajami. A wani layi an rubuta kamfa buhu biyu da yuriya ɗaya, an soke ɗaya da biro, an yi ɗan zagaye a gefe. Da na tambaye shi ma'anar zagayen, ya ce wanda ya biya da hatsi ne maimakon kuɗi. Ɗigo biyu kuwa, wanda mai unguwa ko liman ya tsaya masa. Na ce to wanda ya cinye maka kuɗi, wace alama kake yi masa? Ya ce wannan ba ya rubutawa, a ka yake riƙe shi, domin yaransa suna buɗa littafin, gari kuma ƙarami ne, kuma wataƙila gobe surukinsa ne.

Sai in raba ɗaliban gida-gida, in ce su faɗa mini nawa mai takin yake bin mutane a ranar da littafin ya ƙare. Sukan ɗauki fiye da rabin sa'a, kuma ban taɓa ganin gida biyu sun kawo amsa iri ɗaya ba, har da gidan da ke da ma'aikacin banki. Wasu sun lissafa masu zagaye a matsayin waɗanda suka biya, wasu sun ce ai ba a san farashin hatsin ranar ba. Sannan in tambaya wane ƙauye ne ya fi jinkirin biya. Amsar tana cikin littafin, amma sai ka kwana kana tsinta. Tambayar da take sa ajin ya yi tsit ita ce ta ƙarshe: idan ta Allah ta kasance a kan mutumin nan yau, magadansa za su iya karanta zagaye da ɗigo biyu? Mutanenmu ba sa wasa da maganar bashin mamaci. A nan ne mai latsa waya yake ajiye ta.

Duk abin da ke babin farko na littafinka yana cikin wannan littafi: abin da ake shigarwa, yadda ake sarrafa shi, abin da ake fitarwa, inda ake ajiyewa, wanda aka yarda ya gani, da bayanin da aka ƙi rubutawa da gangan. Bayan sun sha wahalarsa da hannunsu sai ka ba su sunayen da littafi ya ba waɗannan abubuwa. Idan ka fara da sunayen, hadda za su yi. Kuma kada ka bari a tashi da tunanin cewa littafin kwalin abin raini ne. Ba ya neman caji, ba ya jiran sabis, mai shi yana buɗe shafin da yake nema kafin kwamfutarka ta gama tashi. Duk manhajar da za ta maye gurbinsa sai ta fi shi a wani abu da mai shagon ya damu da shi, in ba haka ba zai karɓa don kunya ya ci gaba da littafinsa.

Mamman nawa ne a garin?

Mako na biyu ko na uku nake shiga maganar rumbun bayanai, kuma ba na zana komai a allo sai sun ga matsalar. Ina ba su jerin sunaye irin na ƙungiyar manoma, wanda na tsara da kaina daga abin da na saba gani. A ciki akwai Muhammadu Sani, da Muhd Sani, da Mamman Sani, da Sani Muhammad. Mutum biyar suna da lambar waya ɗaya, domin waya ɗaya ce a gidan. Rabinsu an haife su ranar 1 ga Janairu. Sai in ce taki ya iso, buhu biyu kowane mamba, ku faɗa mini buhu nawa za a sauke. Ma'aikatan ƙaramar hukuma sukan fara murmushi tun kafin in rufe baki, don sun san wannan jerin, wasunsu ma sun taɓa rubuta irinsa. Ko mutum huɗu ne masu suna iri ɗaya, ko mutum ɗaya ne zai kwashi buhu takwas, jerin ba zai faɗa maka ba.

Daga nan bayanin lambar da ba ta maimaituwa ya zo da sauƙi. Sun riga sun san BVN da aka ƙaddamar a 2014, sun san NIN, kowacce lamba 11, sun sha layin haɗa ta da layin waya tun ƙarshen 2020. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne su kalle su a matsayin maganin matsalar Mamman Sani. Haka nake yi da "buhu". Buhun taki kilo 50 ne, amma buhun gero a Dawanau fa? Kwano nawa ne a ciki, kwanon wa, an shafe bakinsa ko an bar shi ya yi tozo? Idan reshen Gumel yana rubuta buhu, reshen Kura yana rubuta kilo, jimillar da kwamfuta za ta ba mai gida lamba ce kawai mai kyan gani.

Aikin hannu da nake nema bai wuce Excel ba, kuma ina tilasta shi har ga dattawa. Jadawali uku: na mutane, na kaya, na ciniki, kowanne da lambarsa, su haɗa su su fitar da amsar tambayar nan ta ƙauyen da ya fi jinkirin biya. Wanda ya taɓa taƙaita layi dubu zuwa amsa guda da hannunsa, yaronsa ba zai sake ce masa "sai jibi" a kan aikin minti goma ba. Sannan su gina fom ɗaya a KoboToolbox, wanda ake cikawa a waya ba tare da sabis ba, ya tura idan an shigo gari. Masu aiki a sashen lafiya kuma ka sa su yi wa 'yan'uwansu bayanin DHIS2, manhajar da aka gina a Jami'ar Oslo wadda ake tattara alƙaluman asibitoci da ita a Najeriya. Za su faɗa maka da bakinsu yadda ake cika fom ɗin wata a daren ƙarshe.

Inda na yi kuskure

Bari in ba ka nawa, don kada ka zaci daga littafi na san wannan. Wani tsohon ɗalibina mai injin casar shinkafa a yankin Kura ya roƙe ni in taya shi zaɓen manhajar sito. Muka zauna a ofishinsa, fanka tana kaɗawa, aka kawo lemo, muka duba guda uku muka zaɓi ɗaya. Aka sayi kwamfuta da sola da batir, aka horar da magatakarda. Bayan wata uku na leƙa. Kwamfutar tana nan an rufa mata ƙyalle saboda ƙurar ɓuntu, magatakarda kuma yana bakin ƙofa da littafinsa a cinya. Ran Alhamis da yamma yake zama ya kwafe na mako guda ya zuba mata, abin da ya manta ya cike da ka.

Na wuni a bakin ƙofar nan, abin da ya kamata in yi tun farko. Manhajar ba ta karɓar kaya sai an ba ta nauyi da farashi. Amma da kaka, shanshera tana shigowa a kan babura da amalanke da a-kori-kura, ana sauke buhu ana ƙirgawa, farashi kuwa sai dillali ya zo da la'asar an daidaita. Ba wanda zai tsayar da layi yana jiran na'ura. Sannan akwai matan da ke karɓar shanshera su turara a gida su dawo da ita, bisa amana, shekara da shekaru. Kaya ne da ya fita daga sito ba a sayar ba, kuma zai dawo da wani nauyi daban. Manhajar ba ta da gurbin wannan, a wurinta ko sayarwa ko sata. Mai injin ya san da matan sarai, bai dai taɓa tunanin abin faɗa ne ba, ni kuma ban tambaya ba.

Richard Heeks na Jami'ar Manchester yana kiran wannan giɓin da ke tsakanin zane da zahiri, kuma ya nuna yawancin faɗuwar irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa daga faɗin giɓin take. Ya ce a auna shi ta fuskar bayanan kansu, da na'urori, da yadda aiki yake tafiya, da manufa da ɗabi'un mutane, da ƙwarewar ma'aikata, da tsarin shugabanci, da kuɗi da lokaci. Idan abu ɗaya kawai za ka ɗauko daga masana ka ba ɗalibanka, ni wannan zan zaɓa, domin ma'auni ne da za su iya ɗauka su tafi da shi ofis ranar Litinin.

Wa zai yi asara idan gaskiya ta fito?

Wannan ɓangaren littattafan waje suna wuce shi da sauri, a wurinmu kuwa shi ne rabin darasin. Duk inda bayani yake a rufe, akwai mai cin abinci a wurin. Ba lalle ɓarawo ba ne. Wani matsayinsa ne ya dogara da cewa shi kaɗai ya san inda fayil yake. Ranar da aka zuba komai a kwamfuta ya zama kamar kowa, don haka kwamfutar za ta yi ta "lalacewa".

Misalai suna nan a gida, ɗalibanka ma sun fi ka saninsu. IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya daga wuri guda, an fara shi a 2007 don a kori ma'aikatan bogi. Mu malaman jami'a mun yi shekaru muna faɗa da shi a kan cewa bai san yadda aikin jami'a yake ba, har gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa a Disambar 2023. Ka sa su yi gardama: giɓin zane da zahiri ne, ko kare abin hannu, ko duka biyun? Ka bar su su soke mu, ba ya rage ka da komai. Asusun bai-ɗaya na gwamnati, TSA, da aka tilasta a 2015 ta hanyar manhajar biyan kuɗi ta Remita, manajojin bankin da ke ajinka za su faɗa maka abin da ya yi wa ajiyar rassansu. Shirin tallafin taki ta saƙon waya da aka fara a 2012 zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, wanda manomi zai sami saƙo ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, akwai waɗanda suka raba shi a ajin naka ko suka karɓa. Tambaye su yaya aka yi da wanda ba shi da waya, da wanda ba ya karanta boko, da garin da sai an hau tudu ake samun sabis. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, shi kaɗai ya isa zama guda: mutum ya sayar da bijimi a kasuwar Wudil ranar Juma'a, an ce an yi masa tiransifa, alat bai shigo ba, magariba ta yi, a saki bijimin ko a riƙe?

Binciken da na fi so in ba su na maƙwabta ne. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar a shekarun 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ɗin waya yake isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da sufuri yake da tsada a tsakaninsu. Gero ne, fatake ne irin namu, ba wanda zai ce maka ai wannan sai Turawa. Amma ka biyo shi da tambaya: tunda wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, kowa yana iya jin farashin Legas daga gindin bishiya, me ya sa har yau dillali yake nan daram a kasuwar Maigatari kowace Alhamis? Mai harkar riɗin nan zai ba ka amsa. Dillali ba farashi kaɗai yake sayarwa ba. Shi ne ya san mai dabbar, shi za a kama idan ta zama ta sata, shi ne yake tsaya wa baƙo. Waya ta ɗauke masa kashi ɗaya na aikinsa ta bar masa sauran. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa manhajoji da yawa masu cewa za su haɗa manomi da mai saye kai tsaye suke mutuwa da ƙuruciya.

Walmart ɗin ma kada ka jefar da shi. Ka kawo shi bayan sun gama da na gida, ka tambaye su me kamfanin yake da shi a ƙasa wanda ya sa tsarin nasa yake aiki: wuta, titi, lambar da ke jikin kowane kaya, adireshin kowane gida, kotun da za ta tilasta yarjejeniya. Sai su lissafa wanne muke da shi a hanyar Kwanar Gafan lokacin tumatir.

Kuɗi da tsaro, a gurguje

Ka ba su takardar farashi irin ta ɗan kwangila, ka ce su fitar da abin da tsarin zai ci a shekara biyar. Kusan kullum sukan manta batirin sola da zai mutu a hanya, da kuɗin data, da ladan mai gyara da zai taso daga Kano, da horar da sabon magatakarda idan na farko ya sami aiki a birni. Mafi muni shi ne kuɗin lasisi na shekara-shekara da ake biya da dala, wanda duk mai biyansa ya ji a jikinsa bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023. Su kuma tambaya: idan mun rabu da kai, bayananmu a hannun wa suke, kuma a wane fasali za ka ba mu su?

Tsaro kuma ka sauko da shi ƙasa. Lambar sirri da aka rubuta a bayan kalanda, ofis guda da kowa yake shiga da sunan oga, alat na bogi, ma'aikacin da aka sallama amma har yanzu yana iya shiga, mutum ɗaya da shi ne mai shigarwa shi ne mai amincewa. Ka sanar da su akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don su san jerin sunaye da lambobin abokan ciniki amana ce da doka take bi.

Zama da manya

Maganar shekaru kuwa, kada ka yi takara da su a kan sanin kasuwa, za su kayar da kai. Ka riƙa cewa "Alhaji, yaya ake yi a wurinku?" sannan ka ɗora sunan abin a kan amsarsa. Amma girmamawa ba ta hana maki. Ni nakan faɗa tun ranar farko cewa a waje su iyayena ne, a kan takarda kuwa biro ba ya sanin furfura, kuma suna karɓa idan an faɗa da fara'a tun kafin a yi jarrabawa. Ka lura da matan ajin. Sau da yawa su ne suke riƙe da lissafi na gaske a wuraren aikinsu, amma idan ka bar muhawara ta tafi yadda take so, manyan riguna ne za su cinye ta. Nakan ba da zama guda ga littafin uwar adashi, in roƙi ɗaya daga cikinsu ta jagoranta.

Babban aikin zango shi ne kowa ya zaɓi wurin aiki na gaske, nasa ko na wani, ya wuni a inda ake rubuta bayanin, ya zana yadda takarda take tafiya daga hannu zuwa hannu, ya nuna hukunci ɗaya da ake yankewa a makance, ya kawo gyara da kuɗinsa. Ina ba da cikakken maki ga wanda ya kammala da cewa wurin nan ba ya bukatar kwamfuta tukuna, littafi na biyu da rasit mai lamba yake bukata, muddin ya kawo hujja. Tunda ChatGPT ya zo, rahoton da aka rubuta ya rage daraja a wurina. Minti goma na tsayuwa a gabana ya fi, in tambaye shi wa yake riƙe makullin sito, ƙarfe nawa ake rufe littafi. Wanda bai je ba, tambaya ta biyu take kama shi.

Iyakar wannan hanya

Tana da tsada a wurin malami. Ajin da na fi jin daɗinta bai wuce mutum arba'in ba. Da na gwada ta a ajin da ya haura ɗari, tsayuwar minti goma ta gagara, na koma aikin rukuni, kuma a kowane rukuni mutum biyu suka yi aikin sauran suka sa suna. Har yau ban sami maganin wannan da ya gamsar da ni ba. Sannan tana cin lokaci, alhali kana da manhajar karatu da sashe ya amince da ita, akwai kuma mai duba jarrabawa daga waje da zai nemi ya ga an taɓo manyan tsare-tsaren kamfanoni irin SAP da kasuwancin intanet da sauransu. Don haka littafin nan naka dole a karanta shi. Ni nakan ba su babi su karanto a gida, in yi gajeren gwaji a farkon zama, sauran lokacin mu yi namu. Kuma ka san misalaina na hatsi ne da shinkafa da ƙaramar hukuma, domin nan na yi rayuwata. Ɗalibin da zai tafi babban kamfanin sadarwa a Legas zai bukaci fiye da abin da nake bayarwa, irinsa nakan ware masa ƙarin karatu.

Dattijon naka kuma, ran Asabar kada ka tanka masa a gaban aji. Ka same shi bayan an tashi, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya zo maka da takarda ɗaya daga cikin waɗanda yaron nasa yake kawo masa, ya rufe sunayen da ke ciki. Idan ya kawo, ka tambaye shi lamba ɗaya kawai a ciki: wa ya fara rubuta ta, a ina, kuma hannu nawa ta bi kafin ta iso teburinsa. Nawa dattijon da na yi wa haka ya kai hannu na uku ya tsaya, ya ce zai tambayo. Mako na gaba ya riga kowa zuwa, da littafin mai gadinsa a hammata.